Gashi a Warware, Jan Zare a Hannu

Zolin ne ya fara hango shi, can inda hanya ta gangaro daga tsakanin gonakin masara. Gudun Matlal ne, ɗan gudun zangon baya, ba ko tantama, amma wani abu ya lalace a cikinsa. Ƙafar hagu tana ja, jikin yana karkata kamar kwalekwalen da ruwa ya shiga.

"Baba Temilo, kunna hayaƙi, ga shi nan tafe."

"Na kunna tun kana hamma," in ji tsohon daga saman hasumiya.

Hayaƙin ya miƙe sama, kuma duk mai ido a birnin Tenochtitlan ya san ma'anarsa: saƙon yaƙi ya shigo zango na ƙarshe. Hasumiyar Baba Temilo ita ce ta ƙarshe kafin birni. Daga nan sai doguwar hanyar da ta ratsa tafki har ƙofar fada, kuma wannan zangon na Zolin ne. Saƙo yana tafe ne daga baki zuwa baki, kowane ɗan gudu da iyakarsa, ya faɗa wa na gaba ya faɗi ya huta. A da kowace hasumiya cike take da 'yan gudu, amma yaƙin bayan duwatsu ya kwashe su. Yanzu ɗaya-ɗaya suka rage.

A garinmu ko yaron da bai iya ɗaura bante ba ya iya karanta kan manzo. In nasara ce, zai shigo gashi a ɗaure da jan zare, yana waƙa. In an ci mu, zai warware gashin ya rufe fuska, ba zai ce wa kowa uffan ba har gaban fada. Abin da Zolin ke leƙe ke nan, yana tsaye a bakin hanya yana karkaɗa ƙafafu.

Gashin Matlal a warware yake, gumi ya manna shi a fuska.

Zolin ya daina karkaɗa ƙafafu. Ɗansa Cimal yana cikin rundunar, kuma wannan ne yaƙinsa na farko.

Matlal ya zube a gabansa. Ƙafar ta kumbura ta yi sumul, ga huda biyu a saman idon sawu.

"Maciji," in ji Baba Temilo, wanda ya sauko yana ɗingishi. "Mai caki a wutsiya. Kuma da shi ya yi ta gudu, dafin ya gama zagaye jiki."

Zolin ya durƙusa ya kai kunne bakinsa. "Matlal, ni ne. Ba ni maganar. Ina jin ka."

Bakin ya buɗe. Harshen ya kumbura ya cika shi, ba abin da ya fito sai gurnani da yawu. Matlal ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Da ya ga ba hali, sai ya lalubo hannun Zolin, ya cusa masa wani abu a tafi, ya danne yatsunsa a kai da iya ƙarfin da ya rage masa. Daga nan idanunsa suka juye.

Zolin ya buɗe hannu. Jan zare ne.

"To ka gani," in ji tsohon, yana sauke numfashi. "Nasara ce. Juyo in ɗaure maka."

"Gashinsa a warware yake, Baba."

"Mutum ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, ƙaya ta ja nan ta ja can, ɗauri ba zai kwance ba? Tsintar zarensa ya yi ya riƙe. Juyo, kana ɓata lokaci."

Zolin bai juya ba. Ya ɗaga gefen banten Matlal, ga jan zarensa nan a soke a ƙugu, inda kowane ɗan gudu ke ajiye nasa. Ya sake duba na hannunsa. A miƙe yake sar, babu lanƙwasar da ƙulli ke bari, ya yi baƙi-baƙi da gumin hannaye.

"Ga nasa nan. Wannan daga nesa ya fito, hannu zuwa hannu. Kuma ba wanda ya ɗaura shi a ka."

"To an ci mu ke nan. Warware ka tafi."

"In an ci mu, me ya kawo jan zare?"

Baba Temilo ya sosa ƙeya. "Na tsufa a kan hasumiyar nan," ya ce, "ban taɓa ganin zare ya yi tafiya ba."

"Bari in koma baya in nemi wanda ya ba Matlal maganar."

"Ka koma ina? Hayaƙi ya riga ya tashi. Saƙo ba ya komawa baya, ba ya zama. Ka juya wa birni baya yanzu, igiya ɗaya za ta ishe mu ni da kai. Zaɓi ɗaya, ɗana, ka roƙi alloli ya zama shi ne."

Zolin ya san abin da tsohon bai ƙarasa ba. Ɗan gudu na ƙarshe bai ga yaƙi ba, bai ji ƙarar garkuwa ba, amma shi ake kullewa a fada har saƙo na biyu ya zo ya tabbatar da na farko. In ya yi daidai, a ba shi mayafi. In ya saɓa, a shaƙe shi.

Ya kai hannu ƙeya ya kwance farin zaren da ke riƙe da gashinsa, gashin ya zubo. Ya damƙe jan zaren.

"Abin da aka ba ni shi zan kai."

"Abin da aka ba ka ba magana ba ce."

"Ka kula da shi, Baba," in ji Zolin, ya zura a guje.

Masunta ne suka fara ganin sa, suka saki koma suka dafe kai. Daga su sai 'yan dako, suka sauke kaya suka raɓe gefe. Wata mai tallan gishiri ta ƙwalla ihu, wata ta amsa daga cikin kwalekwale, kuma daga nan kukan ya riga shi gudu. Yana jin sa a gaba, yana tsallaka gadoji, yana shiga unguwanni. Kafin ya kai ƙofar kudu mata sun fito bakin hanya suna warware kitso. Wata tsohuwa ta kama shi a damtse tana kiran sunan ɗanta, ya fizge ya wuce, don bakinsa ba nasa ba ne sai ya isa fada. Kowa kan Zolin yake kallo. Ba wanda ya dubi hannunsa.

Sai mutum ɗaya. A bakin mashigar kasuwa, matarsa Papan tana tsaye cikin kwalekwalenta tsakanin kabewa da barkono, filafili a hannu. Ta dubi fuskarsa, ta dubi gashin, idonta ya gangara zuwa dunƙulen hannunsa inda bakin zaren ke lilo. Ba ta yi kuka ba. Ta dai bi shi da kallo har ya sha kwana.

Akatlo ne mai karɓar manzanni a ƙofar fada, shi ke shigar da magana wurin Sarki. Dogon mutum ne, mai sanyin murya, kuma ba a taɓa jin ya maimaita tambaya ba. Zolin ya faɗi a gabansa, ya taɓa ƙasa da yatsa ya kai baki, rantsuwar cewa gaskiya zai faɗa.

"Faɗi."

"Ranka ya daɗe, babu magana."

Ya kwashe labari ya faɗa: macijin, harshen, zaren. Ya buɗe tafin hannu ya nuna. Akatlo ya ɗauki zaren da yatsu biyu kamar wanda ya tsinci tana.

"Kana jin wancan?" Ya karkata kai wajen katanga, inda kukan gari ke tasowa kamar ruwan sama mai zuwa. "Kai ka kunna shi. Ka ce babu magana, amma kanka ya riga ya yi magana tun daga bakin tafki. Ya ce an ci mu. In saƙo na biyu ya zo da nasara, ka sa birni kuka a kan ƙarya."

"Yadda ya zo mini haka na kawo, ranka ya daɗe."

"Masu hidimar haikali suna tsaye tsakanin ganguna biyu, ta nasara da ta makoki, suna jiran in ce musu wacce za su buga. Sarki ba ya kwana a kan ban-sani-ba. Kafin rana ta taɓa dutsen yamma, ko saƙo na biyu ya iso, ko ka ba ni kalma ɗaya ka tsaya a kanta. In babu ko ɗaya, manzon da ya zo hannu rabbana hukuncinsa ɗaya da maƙaryaci."

Aka tura shi cikin kejin katako a bayan fada, inda ba a iya miƙewa tsaye. Ya zauna ya haɗa kai da gwiwa yana lallashin zuciyarsa. Saƙo na biyu ba ya nisa da na farko, yawanci kafin la'asar yake biyowa. Zai zo. Kwespal, ɗan gudun hasumiya ta uku daga birni, zai kawo shi hasumiyar Matlal, shi kuma Matlal...

Zolin ya ɗago kai da sauri har ya bugi katako.

Matlal yana kwance a wurin Baba Temilo, ko a raye ko a mace. Hasumiyarsa ba kowa. Ta ƙarshe ma ba mai gudu, don ɗan gudunta ga shi nan a keji. Saƙon da zai cece shi ba shi da ƙafar da za ta kawo shi.

Ya yi ta jijjiga katakon har aka kira Akatlo.

"Ranka ya daɗe, zango biyu babu ɗan gudu. Ka sake ni in je in tarbo saƙon, ka haɗa ni da dogari in kana tsoron in gudu."

"Dogarin da zai iya bin ka ba a haife shi ba. Doka ta ce a tsare manzo."

"To a aika wani daga fada."

Fuskar Akatlo ba ta motsa ba, amma idonsa ya kauce. Nan Zolin ya tuna. Akatlo ne da bakinsa ya ba da shawarar a kwashe 'yan gudu a ƙara wa runduna, ya ce mutum ɗaya ya ishi hasumiya. In ya shiga ya ce wa Sarki hanya ta yanke, wuyansa ya miƙa.

"Hanya lafiya take," in ji Akatlo. "Saƙo zai zo in yana da zuwa." Ya juya ya tafi.

Ba a jima ba Papan ta iso da ƙwaryar kunun masara, wanda aka yarda iyalin manzo su kawo. Ta tsuguna ta tura ta ƙarƙashin katako.

"Baban Cimal, an ci mu ko ba a ci mu ba?"

"Ban sani ba."

"Ka tayar da gari kaf, matar maƙwabcinmu ta suma a kan dutsen niƙa, kuma ba ka sani ba."

"Ban sani ba, Papan."

"Sha kunun."

Bai sha ba. Ya faɗa mata komai, har wa'adin faɗuwar rana. Da ya gama sai ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kin san abin da na kama kaina ina yi tun ɗazu? Ina fatan a ce an ci mu. Don in an ci mu ne kawai gashina ya faɗi gaskiya. Ina zaune a nan, ɗana yana can, ina fatan..."

"Rufe bakinka." Ta bugi katakon da tafin hannu. "Kada ka ƙarasa, kada iska ta ɗauka. Wa ka ce zai kawo na biyun?"

"Kwespal."

"Mai siraran ƙafafun nan da ya cinye mana wainar biki? Shi ba zai wuce ya ƙaraso ba, in ya tarar ba kowa?"

"Kwespal? Ko taku ɗaya ba zai ƙara a kan iyakarsa ba. Zai zauna a gindin hasumiya yana jiran Matlal har tsuntsu ya yi masa sheƙa a ka. Ko ya yarda ma, ba shi da numfashin zango uku."

Papan ta ɗaga kai ta dubi rana. Ranar ta ɗan gota tsakiya.

"Hasumiyar Matlal ba ita ce ta bakin ruwa ba, bayan gonakin furanni? Hanya ce ke zagaye. Ruwa ba ya zagaye."

"Iska na tashi in rana ta karkata. Tafkin kudu ba mashigar kasuwa ba ne."

"Ni da ke tuƙa kabewa tun kafin ka san sunana, ni za ka koya wa iska?"

"Ba zai shiga ba. Ɗan gudu ba ya shiga kwalekwale da saƙo a baki. Har jikokinsa sai an yi musu gori."

"Zai shiga," in ji Papan, tana miƙewa tana ɗaure zane. "Ko da ƙafarsa ko da filafili a ƙeya. Kai dai kada ka ba mutumin nan kalma. Ka ji ni? Ko me zai ce maka."

Ta tafi ba ta waiwayo ba.

Daga nan sai jira. Inuwar katakon ta fara rarrafe a ƙasa, ta hau ƙafarsa, ta hau gwiwa. Kukan gari ba ya tsayawa, sai dai ya lafa ya sake tashi. Iskar da ya faɗa ta taso, tana kaɗa tutocin gashin tsuntsu a saman fada, kuma kowace kaɗawa sai ya ga kwalekwalen Papan a idonsa, ƙarami, ruwa yana dukan gefensa. Ya ga Kwespal yana noƙe kafaɗa yana cewa doka. Ya ga wataƙila ma saƙon bai taso ba sam, wataƙila babu wanda ya rage da zai aiko shi.

Dogarin da ke gadinsa, wani mai tabo a leɓe, ya matso ya jingina da kejin.

"Ɗan'uwa, me kake wahalar da kanka? Ka ce an ci mu kawai. Kanka ya riga ya faɗa, bakinka ya bi shi. In ka dace ka sha, in ba ka dace ba ka dai ƙara kwana."

"Kana da kowa a rundunar?"

"Ƙanena."

"In na ce an ci mu, a buga gangar makoki, uwarku ta daina wanke fuska, ta ƙona kayansa. Alhali ban sani ba."

Dogarin ya tofar da yawu gefe, ya koma inda yake. 

Da rana ta yi ja, Akatlo ya dawo, bayansa wani ƙaton mutum da igiya naɗe a hannu.

"Kalma."

"Ranka ya daɗe, a ƙara mini kaɗan. Saƙo yana hanya."

"Wa ya faɗa maka?"

Zolin ya kau da kai. In ya ambaci Papan da kwalekwale, ya jefa ta ciki.

Akatlo ya tsuguna har fuskarsu ta daidaita, ya rage murya. "Ba na son jininka. Ka ce an ci mu. Kalmar ta dace da kanka, ni in shiga in faɗa, a buga ganga, kai ka kwana da rai. Abin da gobe ta kawo, gobe ta san da shi."

Kalmar tana nan a kan harshensa, gajeriya, mai sauƙin fita. Ya ji ɗanɗanonta. Ya ji yadda iska za ta ci gaba da shiga ƙirjinsa in ya sake ta. Sai kuma ya ga Cimal ranar tafiya, yana gyara garkuwar da ta fi shi faɗi, yana cewa Baba, in mun ci, kai za ka shigo da labarin ko? Ka yi waƙar da ƙarfi yadda Inna za ta ji daga kasuwa.

"Ba a ba ni wannan kalmar ba, ranka ya daɗe."

"To wacce aka ba ka?"

"Gashi a warware. Jan zare a hannu."

Akatlo ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Fito da shi."

Aka ja shi zuwa tsakar fada. Ƙafafunsa da suka saba cin hanya sun ƙage, sai da aka tallafe shi. Aka durƙusar da shi yana fuskantar yamma. Rana tana zaune daf da kan dutse, tsakaninsu bai fi faɗin hannu ba. Igiyar ta zagayo wuyansa, mai kaushi, tana warin hayaƙi. Mai igiyar ya tattara masa gashin ya ɗaga gefe a hankali, kamar wanzami.

Zolin ya kasa kunne. Ba abin da yake ji sai kukan nan.

Sai kukan ya fara canzawa. Can wajen ƙofar kudu ya yanke, kamar an sa wuƙa. Shirun ya taho, unguwa bayan unguwa, yana matsowa, yana haɗiye kukan a gabansa, har ya iso bakin katanga. A cikin shirun aka ji tafin ƙafa, da wani sauti kamar na jiƙaƙƙen tsumma yana dukan dutse.

"Dakata," in ji Akatlo.

Kwespal ya shigo. Daga ƙugu zuwa ƙasa sharkaf yake da ruwa da laka, fuskarsa ta yi fari-fari kamar toka. Gashinsa a warware. Hannunsa na dama a ɗage sama bisa kansa, yadda makaho ma zai gani, kuma a cikinsa jan zare yana lilo. A bayansa, a bakin ƙofa inda dogarai suka tare ta, Papan ce tsaye da filafili, tana haki.

Kwespal ya zube, ya taɓa ƙasa ya kai baki, ya zazzage maganar a tafi ɗaya yadda ake koya mana.

"An ci garin abokan gaba. An ƙona haikalinsu, an kama mutanensu. Amma jagoran runduna, ɗan 'yar'uwar Sarki, ya faɗi a mashigin kogi, shi da jama'a masu yawa. Wanda ya karɓi runduna ya ce ba za a ɗaure gashi a kan gawar jagora ba, ba kuma za a bar zare a baya ba, don garin ya zama namu. Ya ce kowane ɗan gudu ya kai su tare. Haka aka aiko da safe, haka aka sake aikowa."

 Akatlo ya ciro zaren farko daga ƙugunsa, ya dube shi, ya dubi na hannun Kwespal. Ya ɗaga yatsa ɗaya, igiyar ta saki.

Zolin ya faɗi a kan tafukansa yana tari.

"Wa ya ba ka izinin wuce zangonka?" in ji Akatlo ga Kwespal.

Kwespal ya saci kallon ƙofa. "Hali ne ya kama, ranka ya daɗe."

"Kuma hanya ce ta jiƙa ka haka?"

"An yi... an yi yayyafi ta wajenmu."

Akatlo ya dubi sararin sama, wanda ko gajimare ɗaya babu. Ya dubi matar da filafili. Ya ga inda tambaya ta gaba za ta kai shi, sai ya haɗiye ta.

"Gobe za a ƙara mutum biyu a kowace hasumiya," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Ba sai an yi ta yaɗawa ba." Ya juya ga Zolin. "Tashi. Hasumiyarka ba ɗan gudu." Ya shige ciki, yana tafe yana jujjuya zaren, don har yanzu ganguna biyu ne a gabansa kuma babu wacce ta dace.

A waje, Kwespal ya kama hannun Zolin ya ja shi gefe. "Don girman iyayenka, kada wani ya ji na shiga kwalekwale."

"Rabin gari ya gan ka kana amai a bakin gada," in ji Papan.

"Matarka ba mace ba ce, ɗan'uwa, masifa ce. Ta ce in ban shiga ba za ta karya mini ƙafa ta ɗauke ni kamar kabewa. Ita ta ce in ɗaga zaren sama."

"Abin da mijina bai yi tunani ba ke nan. Ya dunƙule shi kamar wanda ya saci ƙwai."

Zolin yana shafa wuya. Yana son ya yi dariya, amma akwai tambayar da ta tokare shi, kuma ya ga ita ce a idon Papan.

"Kwespal, jama'a masu yawan nan. Akwai sunaye?"

Kwespal ya saki hannunsa. "Ba su gama tattarawa ba. An ce gobe za su aiko, unguwa-unguwa."

 Kowa ya san ta inda sunayen za su biyo, da bakin da zai shigo da su birni.

"Zan koma," in ji Zolin. "Baba Temilo shi kaɗai ne da Matlal, ban ma san ko yana numfashi ba."

"Tsaya," in ji Papan.

Ta jingine filafilin. Sai a lokacin ya ga tafukanta, sun ɗuri ruwa sun fashe, jini ya bushe a tsakanin yatsu. Ta yago siririn zare daga gefen zanenta, fari, wanda ba ya nufin komai. Ta zagaya bayansa, ta tattara gashin, ta ɗaure tamau har sai da ya ja tsaki.

"Kada ka sake tayar mana da gari a hanyar komawa," ta ce. Hannunta ya tsaya a ƙeyarsa, bai sauka ba. "Gobe zan tsaya a mashigar kasuwa. Na san ba za ka yi magana ba, ban ce ka yi ba. In babu sunansa, ka dube ni. In akwai, ka wuce kawai."

Zolin ya gyaɗa kai. Ya gwada ƙafa ɗaya, ya gwada ɗayar, ya ji sun dawo. Ya kama hanyar kudu da ƙaramin gudu, mata suna matsawa suna ba shi wuri, kitsonsu rabi a warware, suna kallon kansa ba su karanta komai ba.